Kyandirin Tanti Safta

Ni dai ban iya mutuwa ba. Shekara da shekaru ana kwantar da ni a matsayin gawa a atisayen makarantar koyon jinya ta garinmu, kuma ba a taɓa tashi ban yi atishawa ko na buɗe ido ɗaya ba. Abokina Horia, wanda ke shirya atisayen, ya ce da gawarwaki irina ake samu, da aikin jinya ya yi daɗi. Bai kore ni ba dai, don ba kowa ke yarda ya kwanta a ƙasa a sanyin Maris saboda kofi da kwanon miya ba. Da wannan idon da ya ƙi rufuwa na ga rabin abin da zan faɗa. Sauran Horia ne ya cike mini daga baya, kaɗan-kaɗan, kamar mai cire ƙaya daga tafin ƙafa.

Horia ya haura hamsin. Ƙuruciyarsa a motar asibiti ta ƙare, yana sauko da mutane daga benaye a kan kafaɗa, har bayansa ya ce ya isa haka, aka ba shi aji. Abu guda yake koya wa 'yan shekarar ƙarshe: yadda za ka shiga wurin da mutane ke zube birjik, kai kaɗai, ka zaɓi wanda za ka fara taɓawa. Ƙyalle kala huɗu ake zuba wa ɗalibi a aljihu. Kore na mai tafiya da ƙafarsa ne, rawaya na wanda zai iya jira, ja na wanda in ba a taɓa shi yanzu ba ya tafi. Baƙi kuwa na wanda ya riga ya tafi, ko wanda ya kama hanya kuma hannu biyu ba za su dawo da shi ba. Shi baƙi ɗaurawa ake a wuce.

Ba wanda ke wa darasin dariya a nan. Kowa ya san ƙasa za ta sake girgiza. Duwatsun Vrancea, inda girgizar ke tasowa, suna nan bayan gari, kamar maƙwabcin da ya taɓa hauka sau ɗaya kuma har yau ake gaisawa da shi da ladabi.

A cikin ɗalibansa na wannan shekarar akwai Ilinca, wadda ta shigo makaranta da shekara talatin da ɗoriya, daga wani ƙauye a kan dutse. Horia bai taɓa ganin hannu irin nata ba. Jijiyar da ta ɓuya wa kowa, ita in ta zo sai ta fito ta gaishe ta. Aibinta ɗaya, ba ta iya wucewa ba. A gwajin farko, da kaka, ta durƙusa gaban wani tsohon direban jirgin ƙasa da aka shirya a matsayin mai baƙi, ta riƙe hannunsa tana yi masa magana, har masu ja biyu suka zubar da jininsu na ƙarya ya ƙare a bayanta. Ɗayansu ma ya gaji ya tashi ya fita shan taba.

Sau biyu ake shiga gwajin. Wanda bai fita da sakamako a na biyu ba sai ya maimaita shekara, ita kuwa Ilinca ba ta da shekarar maimaitawa. Mijinta shekara uku ya yarda, yana can riƙe da 'yarsu da tumaki, ya kuma faɗa a gaban mutane cewa ko mako ba zai ƙara ba.

Don haka duk hunturun nan Horia yana tsare ta bayan an tashi.

"Malam, in na ga idonsa fa?" ta tambaye shi wata rana.

"Kada ki kalli ido. Kalli ƙirji, taɓa wuya, ɗaura, tashi."

"In ya riƙe ni?"

"Ki zare hannunki. Naki ne, ba nasa ba."

"A ƙauyenmu ko kare ba a bari haka."

"A ƙauyenku karen guda ne. Nan wuri ne cike, ke kuma ke kaɗai. Sake shiga."

Ta sake shiga. Ya kwanta mata da kansa a kan tebur, ya kama rigarta, ya roƙe ta, ya kira ta 'yata, har ta koyi yadda ake murɗa wuyan hannu a kuɓuce ba tare da an ji wa mutum ciwo ba. Ni ya ce wa, muna shan tsuika, barasar da ake yi a ƙasarmu, a gidana, "Irin su ne za su tono mu daga ɓaraguzai, Fane. Sauran duk Jamusanci suke koyo da yamma don su bar ƙasar. Ita wannan ta nan ce."

Mahaifiyar Horia, Tanti Safta, ta kusa tamanin. Abu uku ba sa fita daga jakarta: maganin hawan jini, alawar na'a-na'a, da siririn kyandir na coci naɗe a hankici tare da akwatin ashana. Ba ita kaɗai ba, duk tsofaffin layinmu haka suke. Wanda ya cika ba haske a hannunsa lalube zai yi ta yi a lahira, na baya kuma su yi ta sadaka ba su san ranar gamawa ba. Tanti Safta tana cikin masu sadakar. A girgizar ƙasa ta shekarar saba'in da bakwai, babban murhun tangaran na tsohon gidansu ya rufto wa mijinta, Anghel. Wuta ta ɗauke. Ta durƙusa kusa da shi da ashana a hannu, maƙwabta a tsakar gida suna ihu cewa gas na zuba, kada kowa ya kyasta. Ba ta kyasta ba. Horia a lokacin yana da shekara huɗu, abin da ya tuna bargo ne da ƙurar bulo a baki. Labarin kuwa ya ji shi har ya zama kamar kabad ɗin falo: yana nan, ana kewaye shi, ba a ganinsa.

Ita ta nemi zuwa atisayen. Ya je kai mata cefane, ta tare shi tun bai cire hula ba.

"Aurica maƙwabciyata ta ce miyar kaza ake ba su."

"Mama, kwanciya ce a ƙasa, a sanyi."

"Aurica ta girme ni, amma bara har karyayyen hannu aka ba ta, da fenti da komai. Ni ɗana ne ke rabon, ko targaɗe ban samu ba. Me kake so in ce wa mutane a coci?"

"Gwiwarki fa?"

"To ka ba ni na kwanciya."

Sai ya ba ta baƙi, don mai baƙi ne kaɗai ake shimfiɗa wa katifa. Ya ce ta ɗan yi nishi, ta yi numfashi da ƙyar, kada ta amsa tambaya. Ya kuma yi wani tunanin da bai faɗa wa kowa ba sai ni: duk ɗalibar da ta iya wuce Tanti Safta, ta iya wuce kowa. Bai gaya wa Ilinca ko wace ce ba.

Batun gas a atisayen ƙari ne na wannan shekarar. Dakta Dobre, mai duba jarrabawa da ake turowa daga babban birni Bukarest, ta yi ƙorafi bara cewa atisayen ya cika tsabta. Saboda haka Horia ya kulle kansa a ofis ya ɗauki sauti: rugugin ƙasa, haushin karnuka, jiniya, da muryarsa yana ihu cewa gas na zuba, kada kowa ya kyasta ashana. Ya yi ta sakewa har ya gamsu cewa ya yi kama da mai tsoro. Ko sau ɗaya bai haɗa wannan da kabad ɗin falo ba.

Ranar atisaye aka toshe tagogin zauren motsa jiki da barguna, aka kifa tebura, aka watsa kwalaye da garin alli. 'Yan fansho suka yi layi ana shafa musu jinin ƙarya, suna gardamar wanda rauninsa ya fi kyau. Tanti Safta ta zo da ɗankwalinta na coci, aka shafa mata toka a fuska, ta nemi madubi.

"Na yi kama da surukata," ta ce. "Allah ya ji ƙanta, ita da ranta ma haka take."

Aka kwantar da ita a kusurwa, ƙafafunta ƙarƙashin wani tebur. Ni aka ajiye kusa da ita da bargo har ƙirji. Ta ƙi ba da jakarta.

"Mama, gawa ba ta riƙe jaka."

"Ban mutu ba tukuna, kai ka ce. Fane, kai ne mataccen, rufe ido."

Horia ya tsaya a tsakiya ya maimaita abin da yake faɗa kowace shekara. Ya ɗaga usur ɗin da ke wuyansa. Duk wanda ya ji ciwo na gaske, ko aka ga wani ba lafiya na gaske, za a busa wannan, a kunna fitila, atisaye ya tashi. Bai ƙara da sauran ba, don ɗalibai sun sani: atisayen da aka busa wa usur ba shi da sakamako, Dakta Dobre kuma jirgin yamma za ta bi, ba za a sake ganinta ba sai baɗi.

Ilinca ce ta huɗu. Ukun farko an yi musu sautin a hankali saboda lasifikar tana shaƙewa, ihun gas ɗin ma ba a ji shi sosai ba. Tanti Safta ta yi nishinta yadda aka umarce ta, har da ƙari, aka ɗaura mata baƙi aka wuce, tsakanin ɗalibi da ɗalibi tana miƙo mini alawa. Kafin na huɗu wani ya gyara wayar lasifikar.

Aka kashe fitila. Rugugin ya taso daga ƙasa, wannan karon har katakon zauren yana rawa a bayan mutum. Ƙofa ta buɗe, Ilinca ta shigo da tocila a goshi.

"Duk mai iya tafiya ya taso ya bi muryata," ta ce da ƙarfi. Masu kore suka miƙe suna ɗingishi fiye da yadda aka ce musu.

Horia yana jikin bango kusa da Dakta Dobre, yana bin hasken goshin Ilinca da ido. Ta durƙusa, ta taɓa, ta ɗaura, ta tashi. Ta danne wa wani cinya, ta kira wata mai kore ta ɗora hannunta a wurin, ta ce kada ki ɗaga ko an kira sunanki. Ta wuce. Horia ya ji ƙirjinsa yana buɗewa.

Sai muryarsa ta fito daga lasifika, ta cika zauren, tana cewa gas, gas na zuba, kada kowa ya kyasta ashana.

Nishin kusurwa ya tsaya.

Horia ya lura da shirun kafin ya gane ma'anarsa. Ya juya. A ɗan hasken da ke ratsowa ta gefen bargon taga, ya ga mahaifiyarsa ta ɗago a kan gwiwar hannu, abin da ya hana ta. Tana lalube a jaka. Ba shi take kallo ba, ba kuma zauren ba. Ni take kallo, ni da bargona.

"Anghel," ta ce. "Tsaya. Ga shi nan, tsaya."

Ta kamo hannuna ta cusa mini kyandirin, ta matse yatsuna a kansa da nata. Ni kuwa gawa ce, an ce kada in motsa, kuma karon farko a tarihin aikina ban motsa ba.

Horia ya san nishin mahaifiyarsa na ƙarya, da shi ta rene shi. Wannan ba shi ba ne. Hannunsa ya kai ga usur. Ƙarfen yana da sanyi, ya ji shi a leɓensa ma, don har ya ɗaga. Gefensa Dakta Dobre ta matso tana raɗa.

"Wannan tsohuwar a ina kuka samo ta? Ta fi na bara duka."

Ilinca saura mata mutum kaɗan. Masu ja biyu suna can bayan kusurwar, ɗaya da ƙirji a fashe, kuma sai ta bi ta kan tsohuwar kafin ta isa gare su. Horia ya yi lissafin da yake koyarwa, da saurin da yake koyar da shi. Tsohuwa tana numfashi, tana magana, tana motsa hannu biyu. Ba jini, ba ta riƙe ƙirji ba. Za ta iya jira. A ɗaya gefen kuma ga shekara uku, ga miji da tumaki, ga hannun da ba a samun irinsa. Ya ce a ransa, Ilinca na zuwa, za ta taɓa ta, in akwai abin tsoro za ta ɗago ta faɗa.

Muryarsa ta sake fitowa daga lasifika. Shi da kansa ya saka ta sau biyu a sautin, don ya ga ta yi kyau.

Tanti Safta ta buɗe akwatin ashana. Tsinkayen suka zube a katifa, ta tsinci ɗaya. Daidai nan hasken Ilinca ya sauka a kanta.

"Tanti, kawo," Ilinca ta ce.

"Yana tafiya, 'yata. Guda ɗaya kawai. Zan kare da hannu."

"Akwai gas. Kawo."

"Haka suka ce wancan karon."

Ilinca ta karɓe ashanar, ta zare kyandirin daga hannuna, ta zuba su a aljihu. Ta taɓa wuyana, ta ɗaura mini baƙi. Ta juya ga tsohuwar, ta ɗora yatsu biyu a wuyanta, ta dubi takardar raunin da aka manna mata a ƙirji. Yatsun suka ɗan daɗe a wurin fiye da yadda aka koya mata. Ta ɗago kai, hasken tocilar ya tsallaka zauren ya sami fuskar Horia, da usur a bakinsa.

Bai busa ba.

Hasken ya koma ƙasa. Tanti Safta ta kama wuyan hannun Ilinca da hannu biyu.

"Kada ki bar shi haka. Ke ba ki da uba?"

Ilinca ta murɗa hannunta ta wajen babban yatsa, yadda ya koya mata a kan tebur, ta kuɓuce. Ta ɗaura baƙin ƙyalle. Ta tashi ta wuce ga mai fasasshen ƙirji, kuma ba ta waiwayo ba.

Dakta Dobre ta yi wani ɗan sauti na gamsuwa a maƙogwaro.

Abin da ya rage bai daɗe ba, amma Horia ya ce bai taɓa tsayuwa mai tsawonsa ba. Mahaifiyarsa ta koma ta kwanta. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe hannuna wanda ba komai a cikinsa, tana kallon rufi, leɓenta yana motsi. Da Ilinca ta ɗaura ƙyalle na ƙarshe ta ce ta gama, aka kunna fitila, matattu suka fara miƙewa suna kaɗe alli, wani yana tambayar ko miyar ta iso.

Horia ya tsallake kwalaye ya durƙusa.

"Mama."

Ta dube shi, ta dubi zauren, ta dube ni. A hankali ta sake mini hannu.

"Fane ne," ta ce.

"Ni ne, Tanti."

"Hannunka da ɗumi. Ba ka iya ba."

Ya auna jininta, ya hau amma ba hawan tashin hankali ba. Ya ba ta maganinta da ruwa. Ya ce zai ɗauko mota ya kai ta gida, ta ce ita miya ta zo ci. Aka sa wata a katifar don sauran ɗalibai, ita kuma ta zauna a ɗakin cin abinci kusa da Aurica ta cinye kwanonta tas, baƙin ƙyallen yana nan a hannunta, ta hana a kwance.

Ilinca ta sami sakamako mafi kyau a ajin. Dakta Dobre ta faɗa a gaban kowa cewa haka ake so, kai a sanyaye, hannu da sauri. Ta kuma roƙi Horia ya riƙe lambar tsohuwar nan saboda baɗi.

A baranda Ilinca ta same shi yana neman taba a aljihun da ya daina sa taba tun bara. Ta miƙo masa kyandirin da ashanar, ta riga ta mayar da tsinkayen cikin akwati.

"Na tsohuwar ne, Malam. An ce kai ka kawo ta."

"Mahaifiyata ce."

Ilinca ta dubi abin da ke hannunta. Kyandirin ya ɗan lanƙwashe saboda ɗumin aljihu, ta sa yatsa tana miƙar da shi.

"Ba wasa take ba," ta ce. "Wuyanta yana bugawa kamar na tsuntsu, fatarta da sanyi da gumi. Wannan ba a iya yin sa da gangan."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na dube ka. Usur yana bakinka. Na ce tunda Malam ya gani bai busa ba, ya san abin da ban sani ba."

"Ni kuma na ce tunda kin taɓa ta kin wuce."

A ciki ana ta tafa wa wani da ya zuba miya a kan rauninsa.

"Ya fita da sauƙi," Ilinca ta ce tana kallon wuyan hannunta. "Ban ma yi tunani ba. Na gode, Malam."

Ya nemi gori a muryarta bai samu ba, kuma ya ce da ya samu da ya fi masa sauƙi.

Ranar Lahadi ya hau benen mahaifiyarsa da kyandirin a aljihun kwat. Ya tarar da Aurica a kicin, tsohuwar maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa, suna shan kofi. A kan tebur akwai sabon kyandir naɗe a hankici, da ashana, da makullin gidan na biyu wanda shekara da shekaru yake rataye a zoben makullan Horia kafin mahaifiyarsa ta karɓa a satin, wai za ta sa a yanka wani.

"Zauna ka ci," mahaifiyarsa ta ce. "Na yi dambun masara da cuku."

"Na kawo miki kayanki."

"Ajiye can. Na sayi wani." Ta tura hankicin da makullin gaban Aurica. "In kin ji shiru da safe, ki shigo. Kada ki tsaya kiran kowa, ki fara kunnawa, sannan ki kira."

"Na ji, Safta. Sau nawa za ki faɗa?"

"Mama," Horia ya ce, "Aurica ta girme ki. Ba ta jin ƙararrawar ƙofarta ma."

"Ina ji," in ji Aurica. "Wanda nake so nake buɗe wa."

"Ni ne ɗanki. Mota gare ni, ga waya, kuma aikina ke nan."

"Shi ya sa," ta ce. Ta zuba masa dambun, ta ƙara cuku fiye da yadda likita ya yarda. "Ba fushi nake ba, Horia ɗana. Aikinka ne, kuma ka iya. Yarinyar ma ta iya, hannunta ko zafi ban ji ba. Ku za ku tsaya ku duba wa ya fi gaggawa. Ita wannan ba ta san komai ba, kunnawa kawai za ta yi."

"In akwai gas fa?"

"Sai mu tafi tare," Aurica ta ce. "Da haske dai."

Ya so ya ce ya manta da labarin, ya ga wannan ya fi muni. Ya so ya ce ya ga lafiyarta ƙalau ne shi ya sa, ya ga ita ma abin da take faɗa ke nan. Sai ya ci dambun.

A satin ya shiga shagon Sinawa na kasuwa ya sayo kyandir mai batir, wanda harshensa na roba ke rawa kamar na gaske. Kafin ya kai mata ya biya ta wurin limamin cocinsu ya tambaya ko wannan ma zai wadatar. Limamin ya juya shi, ya kunna, ya kashe, ya ce Allah mai rahama ne, amma shi dai in nasa ya zo a kawo na kakin zuma. Horia ya kai duk da haka. Ta karɓa ta yi godiya, ta ce ya yi tunani, ta ajiye shi a banɗaki saboda ranar da aka ɗauke wuta.

Makullin bai dawo ba. Yanzu in ya je sai ya danna ƙararrawa ya jira, wani lokaci ƙofar Aurica ce ke fara buɗewa, ta leƙo ta ga shi ne, ta rufe. Ya cire ihun gas daga sautin, Dakta Dobre ta sa ya mayar. Yana nan yana koyarwa, kalli ƙirji, taɓa wuya, ɗaura, tashi, kuma in na tambaye shi ya kan ce har gobe abin da ya yi daidai ne a ƙa'ida, sai ya miƙo kofinsa a ƙara masa. Hujjarsa ba ta sauya ba: ranar da duwatsun suka motsa, za mu gode masa da ya fitar mana da Ilinca.

Ilinca ta karɓi takardarta da bazara. Da kaka ta tafi da mijin da 'yar, an sayar da tumakin. Tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Jamus, a garin da ko mafi tsufan cikinsu bai taɓa jin ƙasa ta motsa ba, kuma ita ake kira ta zauna da masu cikawa.